Yadda za ki taimaki yaron da ake dukan uwarsa a gabansa

Wannan maganar tamu ce mata, maƙwabta da gwaggo da inna, mu da muke jin ihu ta katanga mu ja bakinmu mu ce tsakanin miji da mata sai Allah. Toh yaran fa, ina za su gudu?

Ki fara da lura da yaron. Wanda ya daina fitsarin kwance tuntuni sai ki ga ya dawo yi, ko a buga ƙofa ya zabura, ko malamin islamiyya ya ce haddarsa ta tsaya cak, wani kuma ya koma jibgar ƙannensa tunda abin da yake gani kenan kullum. Dan Allah kar ki ce rashin ji ne ko aljanu, wallahi tsoro ne.

Ranar da rigima ta tashi ki janye su zuwa ɗakinki, ki zuba musu abinci, kar ki titsiye su da "me Babanku ya yi". In yaron ya fara magana da kansa ki saurara kawai, sannan ki ce masa ba laifinka ba ne, ki sake maimaitawa, don yara suna ɗauka su ne sila musamman in faɗan a kan kuɗin makaranta ne ko cefane. Kar ki zagi ubansa a gabansa, komai lalacewa ubansa ne kuma gidan zai koma ya kwana. Shi kuma babban cikinsu ki koya masa kar ya shiga tsakani, ya kwashi ƙannensa ya taho wajenki.

Uwar a keɓe za ki same ta, ba a gidan suna ba, ki tambaye ta wa take so a sanar, waliyyinta ko liman ko mai unguwa. Kalmar "ki yi haƙuri" kaɗai ba ta isa ba gaskiya.

In akwai rauni sai asibiti, a nan Zariya akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, suna karɓar waɗanda aka ci zarafinsu. Tun 2018 jihar Kaduna take da dokar hana cin zarafi da ta kare yara, don haka uwar ta ɗauki hoton raunin a waya, takardar likita kuma ta ba ki ajiya, kar ta bari a ɗakinta.