Yadda Ake Tantance Tsofaffin Kaset-kaset na Bidiyo da Ceto Abin da Ke Cikinsu

A gidaje da yawa akwai wani kwali ko akwatin ƙarfe da aka tura ƙarƙashin gado ko aka ɗora saman kabad, cike da kaset-kaset na bidiyo waɗanda rabon da a kunna su ya haura shekara ashirin. Duk lokacin da aka tashi gyaran ɗaki sai maganarsu ta taso, wani ya ce a zubar, wani ya ce a bari. Amsar tana ga abin da aka ɗauka a cikin kowane kaset. Wanda ke ɗauke da abin da ake iya samu a wani wuri ba shi da sauran amfani, amma wanda ke ɗauke da bikin gida ko muryar wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya, wannan ba shi da na biyu a duniya, kuma lokacin da ya rage a ceto shi ba shi da yawa.

Dalilin ƙarancin lokacin ya fi shafar na'urar da ke kunna kaset ɗin fiye da kaset ɗin kansa. Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da tsarin VHS a 1976, shekara guda bayan Sony ya fito da Betamax, kuma VHS ɗin ne ya yi rinjaye har ya mamaye kasuwannin duniya. A ƙasar Hausa ma a kansa masana'antar finafinai ta ginu, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Faifan DVD ya bayyana a 1996, a nan gida kuma faifan CD mai araha ya ture kaset daga kasuwa, daga bisani shi ma masu tura finafinai a waya suka ture shi. Sony ya daina yin kaset ɗin Betamax a watan Maris na 2016, sannan a watan Yuli na wannan shekarar Funai, wanda shi ne kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar bidiyo, ya rufe wannan sashe. Ma'anar wannan ita ce duk bidiyon da za ka samu yau tsohuwa ce, robobinta sun bushe, kayan gyaranta kuwa sai dai a ciro daga jikin wata da ta mutu, masu iya gyaran kuma suna tsufa ba tare da yara sun koya ba. Tun a 2015 hukumar adana finafinai da sauti ta ƙasar Ostireliya ta yi gargaɗin cewa abin da ba a kwafe daga irin waɗannan kaset-kaset ba kafin 2025 zai yi wuyar cetowa, kuma a 2019 UNESCO ta ɗaga irin wannan murya.

Shi kansa zaren kaset, wanda faɗinsa rabin inci ne, leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu, aka kuma manne garin da wani irin danƙo. Danƙon nan ne ke fara lalacewa. Yana shan laimar iska a hankali har ya yi laushi, zaren ya riƙa mannewa da juna ko ya riƙa zubar da baƙin gari a cikin na'ura. Zafin bazara yana gaggauta wannan, danshin damina yana kawo fumfuna, ƙurar hunturu kuma tana shiga ta kowace kafa ta kankare fuskar zaren idan yana gudu. Kaset ɗin da ya shekara talatin a ɗakin da aka rufa da kwano ya sha duk waɗannan ukun sau talatin.

Aikin farko shi ne tantancewa, kuma ba ya buƙatar na'ura. A fito da kwalin gaba ɗaya a shimfiɗa tabarma a inuwa, a ware kaset-kaset ɗin finafinan Indiya da na Amurka da na Sin gefe guda. Galibinsu kwafi ne a kan kwafi, hotonsu ya riga ya dushe tun ranar da aka saye su, kuma ana samun yawancinsu da hoto mai kyau a intanet ko a faifai. Labaran da ake yaɗawa cewa tsofaffin kaset suna kawo maƙudan kuɗi sun shafi 'yan ƙalilan ne waɗanda suke na asali kuma ba a taɓa buɗe ledarsu ba, don haka kada a ɗora rai a kan wannan.

Ɗaya gefen kuma shi ne na abin da aka ɗauka da kyamara ko aka naɗa daga talabijin: ɗaurin aure, kamu, suna, saukar Alƙur'ani, tarbar alhazai, naɗin sarauta, hawan Sallah, tafsirin azumi, wasan makaranta. A nan nake roƙon mai karatu ya yi taka-tsantsan, domin rubutun da ke jikin kaset ba abin dogaro ba ne. A da kaset yana da tsada, mutane sukan naɗi abu a kan wani, ko su cike sauran zaren da wani taron daban, ta yadda kaset mai ɗauke da sunan wani fim zai iya ƙarewa da minti ashirin na sunan jariri. Duk wanda aka rubuta wa suna da biro, ko wanda ba a rubuta masa komai ba, a sa shi a wannan gefen har sai an duba. Haka nan tsofaffin finafinan Hausa na farkon zamani da wasannin kwaikwayon gidajen talabijin, ina ganin bai kamata a haɗa su da na ƙasashen waje ba, saboda da yawansu ba a taɓa mayar da su faifai ba, kuma mai yiwuwa kwafin da ke hannunka yana cikin kaɗan da suka saura. Idan ka ci karo da irin wannan, neman masu fim ɗin ko iyalansu ya fi dacewa da ɗora shi a intanet kai tsaye, domin haƙƙin mallaka nasu ne.

Kafin a saka kowane kaset a na'ura sai an duba lafiyarsa. A leƙa ta gilashin da ke gabansa. Idan aka ga farin abu kamar gari ko kamar saƙar gizo-gizo a gefen naɗin zaren, fumfuna ce, kuma irin wannan kaset ba a kunna shi, domin zai ɓata na'urar ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. A sa shi a leda shi kaɗai, a riƙa taɓa shi a waje da takunkumi a fuska, a bar wa wanda ya san aikin gogewa. A gefen kaset akwai ɗan maɓalli ƙarami, idan aka danna shi murfin gaba yana ɗagawa a ga zaren, sai a duba ko ya yamutse ko ya tsinke, ba tare da an taɓa shi da yatsa ba. Zaren da ya tsinke ana iya haɗa shi, amma da salatif na musamman da aka yi don wannan aikin, domin danƙon salatif na kanti yana narkewa ya manne a kan na'ura. Wanda zarensa ya manne da juna kuwa, ƙwararru suna da hanyar gasa shi a ɗan zafi mai ƙayyadadden ma'auni na tsawon sa'o'i, amma wannan ba aikin gida ba ne, kuma shanya kaset a rana kashe shi ne. Abu na ƙarshe, a bayan kowane kaset akwai ɗan harshen roba mai kusurwa huɗu. A ɓalle shi, domin da zarar babu shi na'ura ba za ta yarda ta naɗi wani abu a kai ba ko da an danna jan maɓalli bisa kuskure.

Na koyi muhimmancin gwada na'ura ta hanya mai ciwo. Na taɓa aro wata bidiyo da ta daɗe a ajiye, na zura mata kaset ɗin bikin yayata ba tare da na fara gwada ta da wani ba. Hoton ya fito na 'yan daƙiƙu, na ga mahaifiyarmu tana gyara mayafi a bakin ƙofa, sai na ji ƙara kamar ana murza takarda. Da aka buɗe murfin, zaren ya naɗe a jikin wata roba da ta narke, kuma abin da ya yamutse ya kai minti biyu, daidai wurin da kakarmu take magana. Tun daga ranar ba na saka kaset mai daraja sai na kunna wanda ba na jin asararsa daga farko har ƙarshe, na tura shi gaba, na mayar da shi baya, na fitar da shi sau da yawa. A nan ne waɗancan finafinan da aka ware suke da amfani.

Wajen neman na'ura, shagunan masu gyaran rediyo da talabijin da kasuwannin kayan gwanjo su ne wurin zuwa, kuma a nemi mai gyara ya canja bel ɗin ya share kan da ke karanta zaren. Idan kai za ka share, ana amfani da tsantsar barasar goge na'ura a kan farar takarda mai tsabta, a dafa ta a hankali a jikin gangar ƙarfen da kan yake jikinta, a juya gangar da yatsa. Ba a goga sama da ƙasa, ba a kuma sa auduga, domin kan yana da saurin karyewa. Sannan a kula da tsarin hoto. Najeriya da Gana suna kan PAL, Amurka da Japan suna kan NTSC, Faransa da Nijar kuma sun yi amfani da SECAM, saboda haka kaset ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka ba zai fito daidai ba sai a na'ura mai karɓar tsari da yawa. Ƙananan kaset na kyamara su ma iri-iri ne. VHS-C yana shiga cikin wani gida mai girman kaset na yau da kullum a kunna shi a bidiyo, amma Video8 da Hi8 da MiniDV sai da kyamarar da ta dace da su.

Kwafewa zuwa kwamfuta ba ta da wuya kamar yadda ake zato. Ana buƙatar ƙaramar na'urar ɗaukar hoto mai shiga ramin USB, wadda ɗaya bakinta ke karɓar wayoyin nan uku da kowa ya sani, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Idan bidiyon tana da ramin S-Video, hotonsa ya fi na rawayar waya tsabta. Manhaja irin OBS Studio kyauta ce kuma tana wadatarwa. A saita ta a kan ma'aunin PAL, wato 720 da 576 da hoto 25 a daƙiƙa, a bar siffar hoton yadda take, kada a miƙe ta don ta cika faffaɗan allo, domin hakan yana sa fuskokin mutane su baje. Idan layuka suna rawa a sama ko ƙasan hoto, a gyara da maɓallin daidaita hoto da ke jikin na'urar ko rimot kafin a fara. Babu hanyar gaggawa a wannan aikin: kaset mai lamba E-180 awa uku zai ci, mai E-240 awa huɗu, wanda aka naɗa da saurin LP kuma, wato tsarin da ke rage gudun zare don ya ɗauki abu da yawa, ninki biyu. Saboda haka a tanadi inbata ko janareta tun kafin a fara, domin ɗauke wuta a tsakiyar aiki yana ɓata fayil ɗin, yana kuma barin zaren a shimfiɗe cikin na'ura. A bar kaset ya yi gudu har ƙarshensa ko da hoton ya koma yayyafi, saboda abin da na ambata na taron da ke ɓoye a wutsiya.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya kai wa masu shagon ɗaukar bidiyo, sai dai ya fara ba su kaset guda ya ga aikinsu, ya sharɗanta cewa za a dawo masa da kaset ɗinsa, a ba shi cikakken fayil wanda ba a matse ba kuma ba a ɗora masa kiɗa ko ado ba. Akwai kuma batun amana. Kaset ɗin biki yana ɗauke da matan gida a cikin shagalinsu, wasu sun zama matan aure, wasu sun rasu, don haka a zaɓi mutumin da aka yarda da shi, a kuma tabbatar ya goge kwafin da ke kwamfutarsa. Haka ma kafin a watsa a zauren WhatsApp na dangi, ya kamata a nemi yardar waɗanda ke ciki.

Fayil guda a waya guda ba ajiya ba ce. A yi kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na waje, ɗaya kuma a wani gida daban ko a ma'ajiyar intanet, sannan duk bayan 'yan shekaru a buɗe su a tabbatar suna aiki. A sa wa kowane fayil sunan taron da garin da shekarar. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne a zauna da dattawan gida a kalla tare, da takarda da biro a hannu, ana tsayar da hoton ana tambaya: Hajiya, wace ce wannan mai ɗauke da ƙwarya? Baba, gidan wa ne wannan? Su kaɗai suka san waɗannan fuskoki, kuma abin da suka faɗa a rubuta shi a ajiye tare da fayil ɗin.

Bayan an kwafe, kaset ɗin asali masu daraja a ci gaba da riƙe su, domin kwafin farko yakan zo da kuskure, kuma ana iya samun na'ura mafi kyau nan gaba. A mayar da zaren farkonsa, a sa kowanne a gidansa, a jera su a tsaye kamar littattafai a cikin akwatin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. A zaɓi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda ruwa da gara, a nisanta shi daga taga da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Waɗanda aka yanke shawarar rabuwa da su kada a ƙona su, domin hayaƙin robarsu yana cutarwa. A fara tambayar masu gyara ko suna so, tunda gidan kaset mai lafiya da sukurorinsa biyar shi ake buɗewa a dasa masa zaren wanda gidansa ya fashe.