Darasi na Tara: Mu Zauna Kafin A Tsara

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikacin lafiya ya san magani da allura. Mu kuma mun san watan da rafi ke cika ya yanke hanya, da ranar da gari ke watsewa a tafi kasuwa, da rijiyar da ruwanta ke sa yara gudawa. Idan aka tsara aiki ba tare da wannan sanin ba, sai a kawo rigakafi ranar shuka, ma'aikata su wuni a gindin bishiya ba kowa.

Dattawanmu sun san kurkunu. A 1988 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu ɗauke da ita a Najeriya. Kurkunu ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Mutanen ƙauye ne suka nuna tafkunan da ake sha, suka fitar da masu sa kai daga cikinsu, mata suka riƙa tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar nan. Shan inna ma haka: an dakatar da rigakafinta a Kano a 2003 saboda zargi, kuma aikin ya ƙara ƙarfi ne bayan sarakunan Arewa sun kafa kwamiti a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi.

A ina ake kai magana? A tsarin lafiya matakin farko, kowace mazaɓa ya kamata ta sami kwamitin raya mazaɓa, mai zama da shugaban asibitin yankin. Tambayi mai unguwa ko dagaci su waye 'yan kwamitin, kuma yaushe suke zama. Haƙƙinka ne ka sani.

Babban abin lura shi ne wanda ke zaune a wurin. Taron da maza kaɗai suka cika ba zai gano dalilin da ya hana mata zuwa awo ba. Mai yiwuwa nisa ne, ko kuɗin babur, ko kuma babu ma'aikaciya mace, matar kuwa ba za ta faɗi haka a gaban surukinta ba. Don haka a yi wa mata zamansu a cikin gida, ungozoma ko malamar Islamiyya ta kawo abin da suka ce. A kira liman da wanzami da direban gari, domin direban ne ake bugawa ƙofa da dare idan naƙuda ta yi tsanani. Kada a manta da arɗo. Mutanen ruga su ne aka fi tsallakewa.

Kada a je da koke-koke ashirin. A zaɓi biyu ko uku da suka fi ci wa gari tuwo a ƙwarya, a rubuta wanda zai yi kowane aiki da ranar da za a sake zama. Ga amfanin karatun da muke koyo: abin da aka rubuta a littafi, ana iya buɗewa a tambayi inda aka kwana.

Tambayoyi
1. Me mutanen ƙauye suka yi har aka kawar da kurkunu?
2. Su waye ba a cika gayyata taro ba a garinku?

Aiki
Ku raba allo gida huɗu: bazara, damina, kaka, hunturu. A ƙarƙashin kowanne ku rubuta cutar da ta fi damun ku, kamar sanƙarau da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, da ranakun da mutane ke samuwa a gida. Ku kwafe a takarda, mutum biyu su kai wa shugaban asibiti kafin darasi na gaba.