Yadda na gyara nauyin sitiyarin Golf 2 ɗina

Tun da na cire tsohon kan sitiyarin Golf 2 ɗina na ɗaura ƙarami mai faɗin milimita 320, motar ta zama kamar ana kokawa da ita. Fakin a gaban shago sai na haɗa gumi, ga bakin sitiyarin ya rufe min allurar gudu.

Na zargi tayoyi, na ƙara iska. Bakanike ya zuba giris, ya duba rak da bol-joyin, ya ce lafiyarsu lau.

Wani dattijon direba ne ya leƙa ya ce, "Ɗana, motarka ba ta da pawa, ka kuma rage mata hannu." Wato ba ta da na'urar da ke sauƙaƙa juya sitiyari, ga shi na rage faɗin sitiyarin. Na sa tef na auna tsohon daga gefe zuwa gefe: kusan 380. Ashe da 320 ƙarfin da zan sa ya ƙaru da kusan kashi 19 cikin 100.

Kafin in sake ɓarar da kuɗi, na yanka kwali zagaye biyu, 350 da 380, na zauna a kujera na gwada. Na 350 ya bar min mita a buɗe, gwiwata ma ba ta taɓa shi. Shi na saya a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, bayan na tabbatar ramukansa shida sun dace da mazaunin da ke motar, wato faɗin da'irar ramukan milimita 70 ne (akwai masu 74, a kula).

Na miƙe tayoyi, na cire kan batir saboda wayar oda, na ɗaure kusoshin ina bin kowanne da wanda ke fuskantarsa. Alhamdulillahi, yanzu kwana ba ta ba ni wahala. Allah ya saka wa Baba da alheri.