Yadda Za Ka Sa Rigakafin Ruɓewar Haƙori Ya Biya Kuɗinsa a Asibitinka

Fara da lissafin lokacin da majiyyaci ke ɗauka a kujerarka, domin shi ne jarinka. Shafa fanishin fuloraid, wato maganin ƙarfafa haƙori mai kashi 5 na sodiyam fuloraid, mintuna kaɗan yake ci: ka goge haƙorin, ka tsane shi da auduga, ka shafa da ɗan burushi. Ba allurar kashe zafi, ba injin huda. Ciko kuwa yana cin lokaci da kaya, kuma duk sanda aka sake shi ramin sai ya ƙara faɗi.

Sai dai kada ka yi wa kowa kuɗin goro. Ni ina ware masu haɗari: yaro mai yawan zaƙi, mai busasshen baki, wanda farin tabo ya fito masa a gindin dasashi. Waɗannan su dawo duk wata uku zuwa shida. A kansu kuɗin ke haihuwa.

Turamen dindindin na farko suna fitowa wajen shekara 6, na biyu wajen 12. Toshe kwarin samansu da wuri da maganin liƙe haƙori (sealant), amma fa ka hana miyau taɓa wurin, in ba haka ba maganin ya ɓalle, ka sake aikin kyauta.

Ramin da ya fara, maganin SDF (silver diamine fluoride, ruwan magani mai azurfa da fuloraid) mai kashi 38 yana tsayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin muhimman magunguna a 2021. Yana baƙanta wurin har abada, don haka nuna wa uwar yaro hoto, ta sa hannu kafin ka ɗiga.