Yadda ake bin diddigin tarihin wata ƙasa a gasar waƙa ta Eurovision: misalin Turkiyya

Wanda yake son sanin rawar da wata ƙasa ta taka a gasar waƙa ta Eurovision, wadda aka fara a birnin Lugano na ƙasar Switzaland a shekarar 1956 da ƙasashe bakwai kacal, yakan fara ne da duba jerin shekaru da matsayin da ƙasar ta samu a kowacce. Jerin yana da amfani, sai dai shi kaɗai yana iya ɓatar da mai karatu, domin dokokin gasar sun sha sauyawa, kuma matsayi na goma a 1985 ba daidai yake da matsayi na goma a 2005 ba. Na zaɓi Turkiyya don nuna hanyar da nake ganin ta fi dacewa, saboda ta ɗanɗana zama ta kashin baya, ta ɗanɗana ɗaukar kofi, daga bisani kuma ta fice da ƙafarta.

Abin da za ka fara tantancewa shi ne gidan talabijin ɗin da ke wakiltar ƙasar. A ƙa'ida ba gwamnatoci ne ke shiga gasar ba, gidajen rediyo da talabijin ne waɗanda ke cikin ƙungiyar kafafen yaɗa labarai ta Turai, wato EBU, mai mazauni a Geneva. Wannan ne dalilin da ya sa Isra'ila take shiga, kuma shi ne ya ba Maroko damar shiga sau ɗaya tak a 1980, duk da cewa ba a nahiyar Turai suke ba. Ga Turkiyya, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, wato TRT, shi ne mai wuƙa da nama wajen zaɓen mawaƙi, da biyan kuɗin shiga, da yanke shawarar zuwa ko ƙin zuwa, don haka duk bayanin da kake nema game da janyewa, sanarwar wannan gida za ka bibiya.

Daga nan sai ka ɗauki takarda ka jera shekarun tun daga 1975, lokacin da Semiha Yankı ta wakilci Turkiyya karo na farko a Stockholm ta zo ta ƙarshe da maki uku, har zuwa 2012. Kada ka tsallake shekarun da ƙasar ba ta je ba, ka bar musu gurbi ka nemi dalilin kowanne, domin a waɗannan gurabun ne siyasa ta fi bayyana. A 1979 Turkiyya ta riga ta zaɓi waƙarta, amma da yake a Birnin Ƙudus za a yi gasar, sai ta janye sakamakon matsin lambar ƙasashen Larabawa. Rashin zuwanta a 1994 kuwa dalilinsa daban ne: ƙasashe masu son shiga sun yi yawa bayan rushewar tsarin kwaminisanci a gabashin Turai, aka kafa dokar ajiye waɗanda suka zo ƙasa-ƙasa na tsawon shekara guda, kuma sakamakonta na 1993 ya jefa ta cikinsu. Wanda ya rubuta "ba ta je ba" a gaban shekarun biyu ba tare da bambantawa ba ya haɗa abubuwan da ba su da alaƙa.

Aikin da ya fi muhimmanci, kuma wanda mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne rubuta dokar da ke aiki a gefen kowace shekara. Dokoki biyu ne suka fi tasiri. Ta farko ita ce ta harshe: daga 1977 zuwa 1998 wajibi ne kowace ƙasa ta rera waƙarta da ɗaya daga cikin harsunanta na hukuma, abin da ya ba masu Ingilishi da Faransanci fifiko a kunnen alƙalan da ba sa jin Turkanci. Ta biyu ita ce ta masu ba da maki. Tsarin da ake ba waƙar da ta fi burgewa maki 12 ya fara ne a 1975, kuma shekara da shekaru alƙalan da kowace ƙasa ta naɗa ne kaɗai ke rabawa. A wannan zamani ne Turkiyya ta tashi babu maki ko ɗaya har sau biyu, a 1983 da 1987. A 1997 aka gwada barin masu kallo su kaɗa ƙuri'a ta wayar tarho a ƙasashe biyar, ciki har da Jamus inda Turkawa masu ɗimbin yawa suke zaune, kuma a wannan shekara Şebnem Paker ta zo ta uku a Dublin, tana rera waƙa da Turkanci da kiɗan da ke da ƙamshin gida. A ganina kuskure ne a ce ƙuri'ar Turkawa mazauna waje ce kaɗai ta ɗaga ta, tunda a yawancin ƙasashe alƙalai ne suka ba da maki a daren, amma kuskure ne kuma a kawar da kai daga sauyin, domin daga lokacin da ƙuri'ar masu kallo ta zama ruwan dare sakamakon Turkiyya ya sauya kama.

Bayan ka gama da takarda, sai ka koma ga kallo. Ana samun faifan bidiyon yawancin shekarun a YouTube, kuma shawarata ita ce ka kalli lokacin sanar da maki, ba waƙar kaɗai ba. Ka nemi na 2003 a birnin Riga na ƙasar Latbiya, inda ƙasashe 26 suka fafata. Har aka zo kan ƙasa ta ƙarshe mai ba da maki, wato Silobeniya, Beljiyam ce ke gaba da maki 162, Turkiyya na bin ta da 157, Rasha kuma na da 152. Aka ba Beljiyam uku, aka ba Turkiyya goma, aka ba Rasha 12, sai allon ya tsaya a kan 167 da 165 da 164, Sertab Erener mai wakiltar Turkiyya ta yi nasara da tazarar maki biyu. A daren ne kuma Saifurus ta ba Turkiyya maki takwas, karo na farko da ta taɓa ba ta, alhali tsamin dangantakar da ya biyo bayan rikicin ƙasashen biyu a kan tsibirin Saifurus a 1974 ya daɗe yana bayyana a allon makin. Ka lura kuma da Ingilishi Sertab ta rera waƙar, shekara huɗu bayan soke dokar harshe a 1999. Irin wannan duban wanda ya ba wa maki shi zai nuna maka cewa a 1980 Maroko ce ta ba Ajda Pekkan, wakiliyar Turkiyya, maki 12 daga cikin 23 da ta samu.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wuyar bi. Santambul ta karɓi baƙuncin gasar a 2004, shekarar da aka fara zagayen share fage, Turkiyya ta zo ta huɗu a 2004 da 2007 da 2009, ta zo ta biyu a Oslo a 2010, sannan a 2011 ta kasa tsallake zagayen share fagen. Daga 2004 dole ne ka raba layin sakamakon gida biyu, na share fage da na ƙarshe.

Game da ficewa, ka riƙe abin da gidan talabijin ɗin ya faɗa da bakinsa, ka ware shi daga hasashen 'yan jarida. Bayan gasar Baku ta 2012, inda Can Bonomo ya zo na bakwai, TRT ta sanar da cewa ba za ta je ta 2013 ba, ta kafa hujja da abu biyu: dawo da alƙalai tun 2009 su riƙe rabin makin, da kuma gatan da aka ba Birtaniya da Faransa da Jamus da Sifen da Italiya na wucewa kai tsaye zuwa zagayen ƙarshe saboda su ne suka fi zuba kuɗi. Idan ka koma kan takardarka za ka ga cewa ƙorafin farko ya yi daidai da shekarun da ƙuri'ar masu kallo ta fi yi wa ƙasar rana. Jimillar zuwanta ta tsaya a 34, kuma a ƙarshen 2013 aka gudanar da wata gasar waƙa ta dabam mai suna Türkvizyon a birnin Eskişehir, domin ƙasashe da yankunan da ke magana da harsuna dangin Turkanci.