Kurakuran da masu tara tsofaffin kwabbai da lambobin tagulla suka fi yi

Duk wanda ya tsinci gwangwanin tsofaffin kuɗi a ɗakin kakarsa, ko ya sayo 'yan kwabbai wajen masu kayan tarihi a Kasuwar Kurmi, abu ɗaya yake fara yi kafin ya tambayi kowa. Zai nemo lemun tsami da toka ya hau dirza. Sai kwabo ya yi ja wur yana ɗaukar ido, sannan ya ɗauke shi hoto ya turo yana tambayar nawa zai yi. Amsar ba ta da daɗin ji: da ka bar shi yadda ka same shi da ya yi kuɗi, yanzu kam sai dai a auna shi a matsayin ƙarfe. Maimaita wannan amsa ta ishe ni, gara a rubuta ta wuri ɗaya.

Duhun nan mai ruwan ƙasa da ke jikin tsohon jan ƙarfe, mai kama da launin gasasshiyar gyaɗa, fata ce da ƙarfen ya yi wa kansa a hankali cikin shekaru sittin ko saba'in na haɗuwa da iska. Ita ke kare abin da ke ƙarƙashinta, ita kuma mai saye yake biyan kuɗi a kai. Duk wani abu mai tsami, lemun tsami ne, tsamiya ce, binega ne ko lemon kwalba, narkar da ita yake yi ya bar ƙarfen tsirara da ƙananan ramuka. Toka, yashi, soson waya, man goge haƙori da man goge ƙarfe na Brasso kuwa kankare saman suke yi. Sa kwabon da aka goga a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai ninki goma, za ka ga zane-zane birjik duk sun nufi gefe guda, haruffan da ke da kaifi sun daƙushe. Wanda ya san harkar da kallo ɗaya yake ganewa. Kuma ba gyara. Wasu kan rufe kwabon a kwalba tare da dafaffen ƙwai don ya sake yin duhu, sai ya fito dabbare-dabbare, ɓarna biyu ke nan.

Idan ƙasa ce ko dauɗa ta gaske ta manne, ni dai ga iyakar abin da nake yarda a yi. A jiƙa kwabon a tataccen ruwa cikin kofin gilashi, ana sauya ruwan kullum har mako guda. Ban da ruwan famfo, ban da na rijiya ko burtsatse, domin akwai gishiri-gishiri a cikinsu. A kula wajen saye: masu gyaran batir suna da ruwa iri biyu, tatacce da kuma asid, kuma duka biyun ana ce musu ruwan batir. Bayan ƙasar ta yi laushi, a ɗaga ta da tsinken sakace da aka jiƙa, a hankali, ba tare da dannawa ba. Maiƙo, danƙon salatif ko tsohon fenti kuwa, minti biyar a cikin asiton zalla, wato sinadarin nan mai narkar da fenti, ya isa, nesa da wuta, a kwano na gilashi. Abin cire jan farce bai yi ba ko da akwai asiton a cikinsa, an haɗa masa mai da turare. A ƙarshe a ɗora kwabon a kan farin ƙyallen auduga a danna kaɗan ya tsotse ruwan, kar a shafa. Masu jiƙa kwabbai a man gyaɗa ko man zaitun na watanni su daina, man yana shiga ramuka ya daskare ya baƙanta ƙarfen.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ne ke cinye tarin mutum gaba ɗaya yana ji yana gani. An ce masa kar ya taɓa, sai ya bar kowane irin kore a jikin kwabo. Kore iri biyu ne. Akwai mai tauri, mai santsi, mai duhu, wanda tsinke ba ya ɗaga shi. Wannan lafiya lau, a ƙyale shi. Akwai kuma mai haske, mai kama da gari, wanda ke tsirowa ɗigo-ɗigo, da ka taɓa shi da tsinke sai ya zubo. Wannan shi masu harkar ke kira ciwon tagulla. Gishiri ne ya shige cikin ƙarfen, daga ƙasar da aka tono shi ko daga gumin hannu. Da ya samu danshi da iska sai ya haifar da asid, asid ya ci ƙarfe, abin da ya fito daga cin ya sake haifar da wani asid ɗin, haka yake ta zagayawa har ya huda rami. Lokacin hunturu yakan kwanta kamar ya warke. Da damina ta kankama, wajen Yuli da Agusta, sai ka buɗe akwati ka tarar garin ya dawo, har ya zuba kan kwabban da ke kusa.

Da ka gan shi, ware wannan kwabo daga sauran a ranar. Kankare garin da tsinke iya yadda zai fita. Sannan ka haɗa giram 3 na soda-ash, irin wadda masu haɗa sabulun ruwa ke saye, da giram 2 na bekin soda a cikin mililita 100 na tataccen ruwa. Wannan shi ne haɗin mai ƙarfi, kuma yana iya ɗan dusar da launin kwabon, don haka ni nakan ninka ruwan zuwa mililita 200 in ƙara haƙuri. A jiƙa kwabon a ciki, a sauya haɗin duk mako. Ruwan zai riƙa yin shuɗi-shuɗi, alamar yana jawo cutar. Idan ya daina canza launi, bayan mako uku ko fiye, a ɗauraye da tataccen ruwa sau uku, a tsoma a asiton ya kori ragowar ruwa, a busar sosai. Kar a yi saurin shafa masa kakin kariya, a bari ya ga damina guda tukuna, don kar a rufe cuta a ciki. Abubuwa uku da ake rikitawa a nan: bekin foda ba bekin soda ba ce, kostik soda ba soda-ash ba ce, ita kuma kanwa, ko da yake danginsu ɗaya da wannan haɗi, tana zuwa gauraye da gishiri, wato ainihin abin da ake ƙoƙarin cirewa. Haka nan kar a kuskura a jefa aninin sanholo na 1907 ko na 1908 a wannan ruwa, soda tana cin sanholo.

Akasarin wannan ciwo daga ajiya yake farawa, kuma a nan ne ake yin sakaci mai ban haushi. Mutum ya kashe kuɗi ya sayi kaya, sannan ya zuba su duka a gwangwanin madara suna gogar juna, ko ya ɗaure su a leda da kyauron roba ya cusa ƙarƙashin katifa. Jakar fata tana da kyau a ido, amma jemammiyar fata na ɓata tagulla. Jarida da kyauron roba suna baƙanta ta. Albam ɗin nan mai aljihunan roba mai laushi, wadda ake kira PVC, mai warin sabon takalmin roba, ita ce ta fi yaudara: bayan 'yan shekaru a cikin zafinmu sai ta fitar da wani koren yauƙi ya manne wa kwabo. Kowane kwabo ya samu ɗakinsa, ko dai ɗan kwali mai tagar leda mai ƙarfi, ko ƙwanson roba mai tauri. In ka matse kwalin da sitefila, ka lanƙwashe bakin wayar da filaya, in ba haka ba ita za ta karce na kusa da shi. A jera su a mazubi mai murfin da iska ba ta shiga, tare da 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa gasa silikar a ɗan zafi kaɗan kafin kowace damina. Riƙo kuma ta gefe ne, da yatsu biyu. Hoton yatsa a kan jan ƙarfe ba ya fita.

Sai maganar shekara, wadda ke sa mutane mafarkin gina gida da kwabo ɗaya. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, ƙaranci da lafiyar jiki ke sa ta. Wanda ya ga sunan Sarki Edward na Takwas a kwabon 1936 yakan rikice, don ya ji cewa sarkin bai cika shekara a kan gado ba, kuma a Ingila ba a fitar da kuɗi da sunansa ba. Gaskiya ne, amma na Afirka ta Yamma miliyoyi aka buga, anini da ɗari, wato rabin kwabo, da kwabo, suna nan ko'ina. Kwabban Tarayyar Najeriya masu ɗauke da 1959 su ma haka. Dalar azurfa mai hoton Mariya Teresa da aka ci gaba da bugawa bayan mutuwarta duk 1780 aka rubuta mata, har da wadda aka buga a ƙarni na ashirin. Abin dubawa shi ne shekara tare da ɗan harafin masana'anta: H na Heaton a Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria, in babu harafi kuwa na masana'antar gwamnatin Ingila ne. Kwabbai biyu masu shekara ɗaya suna iya bambanta a farashi saboda wannan harafi da ba ya ganuwa sai da madubi. Masu cewa akwai wani ɓoyayyen sinadari a cikin kwabo mai huji da ake saye da miliyoyi, a bar su da zancensu, kar dai a ba su kuɗin gwaji.

Launi ma shaida ne. Kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe a Turanci ta samo asali, amma kwabon Afirka ta Yamma fari ne tun 1907, haɗin jan ƙarfe da nikel, sai a 1952 aka koma tagulla. Kobo ɗaya na 1973 mai hoton rijiyoyin mai tagulla ne, na 1991 kuwa ƙarfe ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, maganaɗisu na kama shi, kuma da an goge shi tsatsa ta samu ƙofa. Hujin tsakiya a kwabon Afirka ta Yamma na asali ne, wanda aka huda a gefe don a rataya a wuya ko a kitso shi ne aibi. Kar a jefa kwabo kan siminti don jin ƙararsa. Tsabar da ba ta da sunan ƙasa, sai lamba ko sunan kamfani, kar a zubar, a rubuta inda aka samo ta.

Lambobin soja suna da nasu kuskuren. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma, kuma lambobin tagulla masu siffar tauraro na Yaƙin Duniya na Biyu an raba musu su ba tare da an buga sunan mai su ba. Saboda haka abin da ke nuna tauraron wane ne shi ne takardar sallamarsa, hotonsa, da sauran lambobin da aka ba shi tare. Magada sukan raba su kamar yadda ake raba kwanuka, wannan ya ɗauki ɗaya wancan ya ɗauki ɗaya, takardar kuma ta ɓace a tsakani. A bar su a haɗe. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna da lamba, muƙami, suna da runduna a bakin gefensu ko a bayan tauraron, kuma goge-gogen Brasso na shekaru ne ke shafe wannan rubutu. Tsohon ƙyallen da lambar ke rataye a jiki, ko ya koɗe ya yage, kar a wanke shi kar a jefar. In an sa sabo don a nuna wa baƙi, a naɗe tsohon a farar takarda, a rubuta sunan sojan da garinsu da fensir, a ajiye a mazubi ɗaya da lambar.