Yadda ake raya tsohon armuwar ba tare da an kashe shi da fenti ba

Kakanninmu a adudu suke ajiye tufafi, ƙore da tasoshi kuma a jera su a ƙuryar ɗaki. Daga baya akwatin ƙarfe ya shigo. Armuwar (kabad na tufafi) da bufe mai gilashi (kabad na kwanuka) kuwa kayan zamanin Faransawa ne, sun fara zama a ofisoshi da gidajen ma'aikata, balle da Yamai ta karɓi babban birni daga Damagaram a 1926. Irin waɗannan tsofaffin ake kawo mini shagona kusa da kasuwar Katako, kuma kusan kowa maganarsa ɗaya: "Malam, a shafa masa fenti fari." Ni kam ba na yarda sai na duba itacen.

Zare aljihun armuwar ɗin ka kife shi. Idan kusurwar ta haɗu da haƙora masu faɗin kai da suka shige juna, babu ƙusa, aikin hannu ne na ƙwarai. Sai ka kankare wuri kaɗan ta baya. Ja mai nauyi maɗaci ne. Ruwan zuma mai ratsin duhu madobiya ce, wadda tun 2017 yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta ƙuntata fataucinta tsakanin ƙasashe, don haka rufe ta da fenti asara ce. In farce ya nutsa a farin katako marar nauyi, samba ne. Wannan kam fenta abinka.

Kafin gyara, shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashinsa ya kwana. Ka ga gari mai laushi da safe, to ƙwaro na ciki da rai. Ɗura maganin katako da sirinji a kowane rami, ɗaya bayan ɗaya. Aikin da cin rai, amma feshi daga waje ba ya kai wa ga tsutsar. Ramukan sai a toshe su da kakin zuma.

Kada ka watsa masa ruwa. Tsumma mai ɗan laima da sabulu ya isa, ka bi da busasshe nan take. Hannayen ƙofa ka gwada su da maganaɗisu: in bai kama ba tagulla ce, lemun tsami da toka za su fito da haskenta.

Tsagar da ta buɗe da hunturu ka ƙyale ta tukuna, sau da yawa damina na rufe ta. In ka cusa mata gam yanzu, katakon zai kumbura ya tsage wani wurin. Bayan haka narka kakin zuma da ɗan tarfantin (man da ake tsinka fenti da shi), shafa kaɗan bisa tsawon itacen, bari ya sha, ka murje da tsohon zane. Ɗora ƙafafun kan bulo, ka janye shi daga bango kamar taƙi guda saboda gara.